Kumburin haɓar maraƙi: a duba hanta, a duba abinci

Ƴan uwa ƴan kara, rani ya tsaya, kuma mun fara ganin maruƙa masu kumburi ƙarƙashin haɓa, musamman waɗanda suka yi kiwo a bakin kogin Kwara wajen Gaya, ko Komadugu wajen Difa, ko tafkin Madarunfa. Wani dillali zai ce maka ƙaya ce ta soke shi. To, danna wurin da babban yatsa. In ya lotsa, ba zafi, maraƙin bai zabura ba, ruwa ne.

Ga yadda abin yake. Cikin jini akwai wani furotin mai suna albumin, kusan giram 30 a kowace lita in dabba tana lafiya. Shi ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi, kuma hanta ce kaɗai ke yin sa. In ya yi ƙasa, sai ruwa ya tsiyaye ya taru inda ya fi gangare. Shi ya sa kumburin kan ƙaru da yamma, bayan dabba ta wuni kai a sunkuye, da safe ya ɗan saɓe.

Tsutsar hanta tana fitowa daga ƙananan katantanwa na bakin ruwa, ta manne a ciyawa, dabba ta ci. Tana yin wata 3 zuwa 4 tana huda hanta kafin ta girma ta zauna tana shan jini. Kun ga ke nan, abin da aka ɗauko da kaka shi ke bayyana da rani, daidai lokacin da ciyawa ta bushe, furotin ɗinta ya yi ƙasa da kashi 5 cikin 100. Hanta ta raunana, abin da za ta yi aiki da shi kuma babu. Maraƙi ya fi babban sa shan wuya, don shi yana kan girma ne. Tsutsar ciki mai shan jini ma tana kawo irin wannan kumburi.

Magani kawai ba ya tayar da shi, dusa kawai ma haka. A sa likitan dabbobi ya zaɓi magani, don albendazol manyan tsutsotsin hanta yake kashewa, tirikilabendazol kuwa har ƙanana. Sannan a ba shi harawa da dusa. Amma tunkuzar gyaɗa da ta yi funfuna, wallahi gara a zubar, gubarta hantar take ƙara ci. Irin auduga kuma ba na maraƙin da bai fara tuƙa ba ne.

Kafin mu sallama kuɗi, mu buɗe fatar idonsa da dasashinsa. In sun yi fari fat, a rage ciniki ko a bar shi.