Amosanin Gaɓɓai: Lokacin da Garkuwar Jiki Ta Rasa Mai Tsawatarwa

Amosanin gaɓɓai iri-iri ne. Akwai na tsufa, wanda guringuntsi ke zaizayewa da shekaru. Akwai kuma wanda likitoci ke kira rumatoyid, shi kuwa yana iya kama mai shekara talatin, domin garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa tantanin da ke cikin gaɓa. Yatsu da wuyan hannu su kumbura, dama da hagu tare. Mace ta tashi da asuba ta kasa ɗaura zani, sai hantsi ya ɗaga hannun ya saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata.

Fararen ƙwayoyin jini kamar 'yan sintiri suke, kuma a cikinsu akwai 'yan tsiraru da aikinsu shi ne hana sauran dukan 'yan gida. Sunansu Treg. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya gano su a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke sarrafa Treg. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta 2025.

Ga inda abin yake da ɗaure kai. In aka zuƙi ruwan gwiwar da ta kumbura aka duba, sai a tarar da Treg ɗin jingim. Sun halarta, amma ba a jin maganarsu. Sinadaran kumburi, musamman TNF da IL-6, suna karya musu lago, kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna wasu Treg ɗin har sheƙa suke sauyawa, su koma masu rura wutar. Shi ya sa tallan maganin "ƙara ƙarfin garkuwar jiki" ga mai wannan ciwo yake ba ni takaici. Garkuwarsa ba ƙarfi ta rasa ba.

Ana ta gwajin yadda za a ninka Treg a ɗakin bincike a mayar wa majinyaci, amma hakan bai zama maganin asibiti ba tukuna. Cikin abin da ke hannu akwai methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako bisa kulawar likita, da allurai masu toshe TNF. Taba sigari tana ƙara haɗarin kamuwa. Kumburin yatsu da ya kai makonni shida a kai shi asibiti, kada a tsaya ana cewa sanyi ne, domin ƙashin da ciwon ya riga ya ci ba ya komawa yadda yake.