Farfaɗiya: A Daina Gudun Wanda Ya Faɗi

Jama'a, duk wanda ya zauna a Sabon Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Shagamu, ya san yadda abin yake. Mutum na cikin harkarsa sai ya yanke jiki ya faɗi, jiki na karkarwa, baki na kumfa. Kafin ka ce kwabo, waɗanda suke cin tuwo kwano ɗaya da shi sun watse sun tsaya daga nesa, wai kada yawunsa ya taɓa su. Kashegari a ware masa kwanonsa da butarsa. Bayan mako guda sai maigidansa ya nema masa kuɗin mota, a ce ya koma Arewa a yi masa na gida.

To, bari mu fara da maganar yawun nan, don ita ce tushen ɓarnar. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukarta a yawu, ko a kumfa, ko a numfashi, ko don an tsallake mai ita. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da 'yar wuta mai kama da ta lantarki, in wutar nan ta rikice ta taso gaba ɗaya, shi ne mutum ke faɗuwa. Wani ma ba ya faɗuwa, sai dai ya yi shiru ya ƙura ido na ɗan lokaci, ana yi masa magana ba ya ji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ne ke da ciwon a duniya, kuma kusan 80 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Abubuwan da ke kawo shi sanannu ne a gare mu: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, shanyewar ɓarin jiki, da buguwa a ka. 'Yan'uwanmu masu acaba da ke ƙin sa hular kwano, sai ku lura da wannan na ƙarshe. Wajen rabin masu ciwon kuwa likita ba ya gano sanadi, amma wannan ba ya nufin iska ce ko sammu.

Nan ƙasar Yarabawa, inda ake kiran ciwon warapa, an yi wani bincike mai ban sha'awa. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Badun da abokan aikinsa sun ƙirga masu ciwon a ƙauyen Aiyete a 1982, suka sami 37 cikin kowane mutum 1,000. A garin Igbo-Ora da ke kusa, wanda ya daɗe da asibiti da kula da mata masu ciki, rahotonsu na 1987 ya nuna wajen 5 ne kawai cikin 1,000. Yare ɗaya, ƙasa ɗaya. Ashe ke nan aljanun sun san garin da ke da ungozoma da allurar rigakafi, suna kauce masa?

Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ne da wannan tsangwama. A Ingila sai a 1971 aka gyara dokar da ta yarda a rushe aure saboda farfaɗiya. Mu a wajenmu har yanzu akan fasa aure, a cire yaro daga makaranta, a ɓoye yarinya a ɗaki don kada dangin manema su ji. Ɓoyewar nan ita ke hana zuwa asibiti.

Alhali kuwa akwai magani. Hukumar ta ce har 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Ƙwayar fenobabiton tun 1912 ake amfani da ita, tana da araha, kuma akwai wasu sababbi. Sharaɗin shi ne a sha kullum bisa umurnin likita. Wanda ya ga sauƙi ya yanke magani farat ɗaya don zai tafi gida noma ko Sallah, yana iya jawo wa kansa faɗuwa mai tsanani. Asibitin koyarwa na Badun, da na Legas da ke Idi-Araba, da asibitin Aro a Abekuta, duk suna da likitocin wannan fanni. Mace mai shirin ɗaukar ciki ta gaya wa likita, don wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi.

In wani ya faɗi a gabanka, ka matsa kusa. Kawar da wuta, da ƙarfe, da duk abin da zai ji masa ciwo, ka sa tsumma ƙarƙashin kansa, ka juya shi ya kwanta a gefe ɗaya don yawu ya zubo. Kada ka danne shi. Kada ka cusa masa cokali ko sanda a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, sai dai cokalin ya karya masa haƙori. Kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko manja, don yana iya shaƙewa. Kada a kai ƙafarsa ga wuta. Iyaye mata kuma, in maƙwabta sun kawo muku haɗin fitsarin saniya don yaro mai jijjiga, ku ƙi karɓa. Akwai ganyen taba a ciki, kuma likitocin Badun sun daɗe da nuna cewa yana kashe yara. Yawanci abin yakan lafa da kansa cikin minti biyu ko uku. In ya wuce minti 5, ko ya maimaita ba a farfaɗo ba, ko mace ce mai ciki, a garzaya asibiti.

Saura maganar sana'a. Wanda faɗuwarsa ba ta tsaya ba bai kamata ya tuƙa mota ko babur ba, ko ya hau sama, ko ya ja ruwa a rijiya, ko ya tsaya kan tukubar tsire shi kaɗai. Amma tireda, da ɗinki, da awon hatsi, da sayar da goro, duk zai iya. Sarakunan Hausawa da shugabannin zango su ne za su iya sauya wa irin wannan yaro aiki, su haɗa shi da wanda zai raka shi asibiti ran karɓar magani.