HAƊIN KAYAN MARMARI NA KAKA A GIDAJEN JIWA

Duk wanda ya san Jiwa ya san cewa gari ne da ya girmi Birnin Tarayya nesa ba kusa ba, domin yana nan da sarkinsa da gonakinsa tun kafin Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birni ran 3 ga watan Fabrairu, 1976. Amma tun da gwamnati ta taso daga Ikko a watan Disamba na 1991, sai garin ya cika da baƙi, leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata waɗanda kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfinsu. Maigida yakan fita tun da jijjifi ya nufi Dei-Dei ko Karimo ko cikin birni, ba ya komowa sai bayan magariba. Uwargida ita ke shan fama da yara: wanka, karin kumallo, rakiya makaranta, sayen ruwa wurin 'yan garuwa, sa'an nan ga 'yar sana'arta ta cikin gida.

A cikin wannan kai-kawo ne matan garin da dama suka koyi yanka 'ya'yan itace iri uku ko huɗu cikin kwano ɗaya, watau abin da ake kira haɗin kayan marmari. Lokacinsa kuwa kaka ne. Da ruwan sama ya ɗauke wajen ƙarshen Oktoba, sai manyan motoci su fara sauke lemo a kasuwar kayan marmari ta Zuba, galibi daga Jihar Binuwai, musamman yankin Gboko. Kankana takan zo daga jihohin Arewa irin su Jigawa, abarba da ayaba kuma daga Kudu. Gwanda da gwaiba sau da yawa ba sai an saya ba, ana samunsu a bayan gida ko a gonar maƙwabci.

Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. Da farko a wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa, a kuma wanke kowane ɗan itace tun bai ga wuƙa ba, har kankana da abarba waɗanda ba a cin ɓawonsu, saboda dattin da ke bayan ɓawo wuƙa ce take kai shi ciki. Kankana da gwanda ake fara yankawa, a cire 'ya'yansu sarai. Lemo a ɓare shi, a yanyanka rabi, a matse rabi a kan haɗin, ruwansa ya isa zaƙi ba sai an zuba sukari ba. Ayaba ita ce ta ƙarshe, domin da ta sha iska sai ta yi baƙi ta yi laushi. 'Yar matsar lemon tsami tana hana ta saurin sauya kama.

Akwai kuskuren da amare kan yi, su kwarara madara a kan haɗin su ajiye wa maigida har dare. Abarba da gwanda suna da wani sinadari mai narkar da abin da ke cikin madara, in suka jima tare sai kwanon ya yi ɗaci. Mai son madara ya zuba a lokacin ci.

Inda aikin yake bukatar natsuwa shi ne rabon ƙananan yara. 'Ya'yan gwaiba masu tauri ne, ƙwallon lemo kuwa yana iya sarƙe yaron da bai cika shekara uku ba, saboda haka nasa kason a yanka shi ƙanana, ko a dama masa ayaba da gwanda da cokali. Zuma kuma, duk da albarkarta, likitoci sun hana a ba jaririn da bai shekara ba. Uwa mai dabara takan ba babban yaro aikin ɓare ayaba, na tsakiya ya tsince 'ya'yan kankana, ita kuwa wuƙa ba ta barin hannunta. Ko da yake rabin ayabar a baki take ƙarewa kafin ta kai kwano, an dai sami zaman lafiya na rabin sa'a.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa uwa za ta ɗora wa kanta wannan ɗawainiya alhali ga yankakkiyar kankana a leda a bakin titi? Amsar tana cikin abin da ya faru a 1991 da 2010, da kuma 2021, shekarar da cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, ba ta kuwa tsallake Birnin Tarayya ba. Ba wanda ya san ruwan da mai tire ya yayyafa wa kayansa, ko tun yaushe ya yanka su. Har ila yau, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi game da masu nunar da ayaba da kabaid irin na masu walda. Wannan ya sa matan da suka waye sukan sayi ayaba ɗanya-ɗanya su bar ta ta nuna a ɗaki.

Ta fuskar gina jiki, gwanda tana ba da bitamin A mai taimakon ido, gwaiba kuwa ta ninka lemo wajen bitamin C, ga ta da araha. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya riƙa samun aƙalla giram 250 na 'ya'yan itace da ganyaye kowace rana, ɗan shekara 6 zuwa 9 kuma giram 350. A shekarar ce kuma, ran 29 ga watan Mayu, aka janye tallafin man fetur, kuɗin dako ya hau, kayan Zuba suka bi shi. Tun daga nan wasu maƙwabta suka koma haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je ya sayo kwandon lemo a raba.

Saboda rashin tabbas na wutar lantarki, ba a dogara da firji a Jiwa, yankakken ɗan itace kuwa bai kamata ya wuce sa'a biyu a fili ba. Don haka akan yi haɗin ne bayan la'asar, daidai lokacin da yara za su taso daga Islamiyya, a rufe shi da faifai saboda ƙuda. Na maigida ba a yanka shi sai an ji sallamarsa a ƙofar gida.