Raddi ga masu cewa ɗakin tiyata ƙofar kabari ce

A Ngong da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da zarar likita ya ambaci tiyata sai ka ji an ja majinyaci gefe ana ce masa: "Kada ka yarda su yanka ka, wanda aka yanka ba ya sake moruwa a gona." Masu faɗin haka iyayenmu ne da 'yan'uwanmu, kuma ƙauna ce ke sa su faɗa. Sun ga an kai mutum Garwa, an yi masa aiki, an dawo da gawa. Ina girmama wannan tsoro, amma ban yarda da hukuncin da aka ɗora a kansa ba.

Mu ɗauki ƙaba, wadda ke damun manoman auduga da masara da masu dakon buhuna a kasuwar Ngong. Asalinta rami ne a tsokar bangon ciki, hanji yana leƙowa ta nan. Mutum ya kwanta ta koma, ya ɗaga buhu ta fito. Babu saiwar da za a jiƙa a sha ta ɗinke rami a tsoka. Idan aka zo asibiti a wannan mataki, aikin bai cika wuce awa ɗaya ba. Sau da yawa allura ake yi a baya ta kashe ƙasan jiki, mutum yana farke yana jin maganar ma'aikata, bayan wasu makonni kuma ya koma ga fartanyarsa.

Amma akwai ranar da hanjin zai maƙale ya ƙi komawa. Jini ya daina isa gare shi, cikin 'yan awoyi ya fara mutuwa. A nan ne ake kwana biyu ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai amai ya tsananta, ciki ya kumbura ya yi tauri, sannan a fita neman mota. Likitan da ya karɓi wannan bawan Allah dole ya yanke hanjin da ya ruɓe ya haɗa sauran, a jikin da guba ta riga ta ratsa. In rai ya yi halinsa sai a ce wuƙa ce, alhali kwana biyun nan ne suka yi ɓarnar. Haka abin yake ga yaron da taifot ta huda masa hanji.

Mai riƙe da wuƙar nan ba da ka yake aiki ba. A Kamaru sai ɗalibi ya yi shekara 7 kafin a kira shi likita. Tun 1969 ake horar da likitoci a Yawunde, yanzu kuma akwai tsangayar likitanci a Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022. Wanda ke son zama ƙwararren likitan tiyata sai ya ƙara wasu shekaru a ƙarƙashin manyansa: ya fara da riƙe kayan aiki da ɗinki, kafin a bar shi ya buɗe ciki ana tsaye a kansa. Cikin abin da ake koya masa har da sanin ciwon da bai kamata a taɓa da wuƙa ba.

Inda jama'a ke da gaskiya shi ne batun ƙaranci da tsada. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2015 ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata mai aminci da sauƙin kuɗi a lokacin da suke buƙata, ya kuma ce ya kamata mafi yawan jama'a su iya isa inda ake buɗe ciki cikin awa 2. Wanda ke bakin titin Garwa zuwa Ngaundere yana iya cika wannan. Na ƙauyen da damina ke yanke wa hanya fa? Shi kuma mai sayar da buhunan gyaɗarsa kafin a taɓa shi, kukansa halal ne. Wannan kuka hukuma za a kai wa, a nemi ƙarin ƙwararru da jini da wutar da ba ta ɗaukewa a asibitocin gunduma.

Don haka ina roƙon dattawanmu da iyaye mata: in kun ga kumburi a matsematsi, ku tura mai shi asibiti tun yana tafiya da ƙafarsa. In kuwa kumburin ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, kada a jira gari ya waye.