Rabon lokaci a cikin ƙananan na'urori: abin da ya haɗa inbatar shago da kumbon Mars

Na'urar POS ta mai shago a kasuwar Gwandu, da mitar wuta mai kati, da inbatar sola, da birkin ABS na motar da ke bin hanyar Kalgo zuwa Birnin Kebbi, duk akwai ƙaramar kwamfuta a cikinsu. Galibi ƙwaƙwalwa ɗaya ce, amma ayyukan da ke jiran ta da yawa, kuma wasu ba sa jure jinkiri. Idan wuta ta ɗauke, dole inbata ta karɓi lodi kafin ƙiftawar ido. Idan direba ya taka birki, lissafin da ya zo a makare ba shi da amfani ko da daidai ne.

Saboda haka injiniyoyi ke tsara wa ayyukan layi. A shekarar 1973, masana biyu a Amurka, Liu da Layland, suka fitar da ƙa'idar da har yau ake bi: aikin da ya fi yawan maimaituwa shi ake bai wa fifiko. Sun kuma nuna cewa idan ayyukan ba su dogara da juna ba, kuma jimillarsu ba ta cinye fiye da kusan kashi 69 cikin 100 na lokacin ƙwaƙwalwar ba, babu wanda zai makara. Wata dabarar ita ce a ware wa kowane aiki kasonsa na lokaci tun farko, kamar yadda masu noman rani ke rabon ruwa da ranaku. Haka ake yi a kwamfutocin jiragen sama.

Matsala takan taso wajen kayan da ake tarayya a kansu. A watan Yulin 1997, kumbon Pathfinder na hukumar NASA ya sauka a duniyar Mars, sai kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana tashi. Ashe ƙaramin aikin auna yanayi ne ya riƙe makullin hanyar bayanai, matsakaitan ayyuka suka ture shi kafin ya saki, babban aiki kuma ya tsaya jira har wa'adinsa ya wuce. Daga duniya aka aika gyara: duk ƙaramin aikin da ya riƙe makullin da babba ke jira, a ara masa matsayin babban har ya saki.

Wannan ya shafi ɗan kasuwa da jami'in sayen kayan gwamnati. Saurin da aka rubuta a kwali ba shi ne ma'auni ba. Abin tambaya shi ne jinkiri mafi tsawo da na'urar ke yi sa'ad da aiki ya yi mata yawa, musamman idan ta asibiti ce ko ta mota. Fage ne kuma ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza.