Gyaran Ɗaki Kafin Damina: Abin da Mace Za Ta Iya Yi da Hannunta

Yau za mu yi magana a kan gyaran gida, musamman wanda mata za su iya yi da kansu.

Mun san yadda abin yake. Da an gama girbi, maza da yawa sukan tafi cin rani, ba su dawowa sai dab da shuka. Amma rani shi ne lokacin gyara. Akwai kuma gwauraye a cikinmu, waɗanda ba su da kuɗin magini. Idan muka zauna jira, ruwan Agusta zai sami ɗakin yadda yake, yara kuwa a ciki suke kwana. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Haka ma ruwa.

Bari mu fara da gindin bango. Ginin ƙasa yakan fara lalacewa ne daga ƙasa, domin ruwan da yake zubowa daga indararo yana fantsama, yana cin gindin bangon kaɗan kaɗan. Maganinsa yaɓe ne. A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta tsima. A yayyafa wa bangon ruwa tukuna, domin sabuwar ƙasa ba ta kama busasshen bango. Sa'an nan a jera duwatsu inda indararo yake zuba. Kada mu yi saurin shafe ginin ƙasa da siminti. Ba ya kama ƙasa sosai, ruwa yakan shiga ta bayansa, bangon yana ruɓewa ba mu gani.

Na biyu, daɓe. Wannan aikin iyayenmu mata ne tun dā. Sukan shimfiɗa tsakuwa da ƙasa, su jiƙa, su yi ta buga da madaɓi suna waƙa har wurin ya daɗe. Bayan haka su yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Shi ne yake sa daɓen ya yi tauri da sheƙi, ya kuma rage shan ruwa.

Idan kuwa daɓen siminti ne ya fashe, a kankare ramin, a share, a jiƙa shi. A haɗa kwano 1 na siminti da kwano 3 na yashi mai tsabta, a kwaɓa da ruwa kaɗan, a cike. Ga inda yawancinmu muke kuskure: siminti ba bushewa yake so ba, laima yake so. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7, in ba haka ba zai sāke tsagewa.

Na uku, rariya. Mu yashe ta kafin ruwan fari. Ruwan da ya kwanta a tsakar gida yana jiƙa gindin gini, kuma a cikinsa ƙwan sauro yake zama sauro cikin kamar kwana 10.

Amma mu san iyakarmu. Kada mu taɓa wayar lantarki. Idan gara ta cinye azara, ko bango ya karkata, ko tsagar tana ƙara faɗi, a fitar da yara daga ɗakin a ranar, a kira magini.

A ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daɓe aikin gayya ne. Matan zumunta, ku duba ɗakunan gwauraye da tsofaffi na unguwarku tun cikin watan Maris, ku sa rana, kowa ta zo da madaɓinta. Aikin da zai ci wa mace ɗaya mako, mata goma za su gama shi kafin la'asar.

Allah ya kai mu damina lafiya. Sai mun sāke saduwa.