Musanyar ruwan jini wajen maganin cutar panfigus

A wannan ƴar takarda za mu duba wata hanyar magani da likitoci ke kira plasmaferez, wadda muka zaɓi mu kira ta musanyar ruwan jini. Da "ruwan jini" muna nufin ruwan nan mai launin rawaya da ke saura idan an ware ƙwayoyin jini.

Panfigus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita. Jiki na ƙera wasu sinadaran kariya, ajin IgG, da ke far wa desmogelin, wato furotin ɗin da ke manne ƙwayoyin fata da juna. Idan mannin ya saki, sai bororo ya fito a baki da fata, ya fashe, ya bar gyambo. Tun 1964 Beutner da Jordon suka gano waɗannan sinadarai cikin jinin majinyata.

Daga nan tunanin ya taso: tunda mugun abin cikin ruwan jini yake, me zai hana a kwashe shi? Na'ura na janye jini, ta ware ruwansa a zubar, ta mayar wa majinyaci ƙwayoyinsa haɗe da albumin. An fara ba da rahoton yin haka kan panfigus a 1978.

To amma a nan gizo ke saƙar. Fiye da rabin IgG na jiki ba cikin jijiyoyin jini yake ba, saboda haka bayan kowace musanya sai ya sake kwararowa ciki. Bugu da ƙari, ƙwayoyin da ke ƙera shi na nan daram, har sukan ƙara himma idan ya ragu. Shi ya sa ake haɗa musanyar da kortizon da magungunan danne garkuwa irin su siklofosfamid, abin da ke buɗe ƙofa ga wasu cututtuka. A gwajin da Guillaume da abokan aikinsa suka buga a 1988 a Faransa, kan majinyata 40, musanyar ba ta fi kortizon kaɗai amfani ba, kuma mutum 4 cikin waɗanda aka yi wa ita sun rasu sakamakon shigar ƙwayoyin cuta cikin jini.

A ganinmu wannan sakamako ya isa ya sa a yi hattara. Tun bayan gwajin Joly na 2017, inda rituksimab ya kai kashi 89 cikin 100 na majinyata ga cikakken sauƙi (kortizon kaɗai kuwa kashi 34), musanyar ta koma matakin agaji ga mai tsananin ciwo da sauran magunguna suka gaza, kafin maganin da ke aiki a hankali ya kama jiki.